Hoton Jaririn da Kulle Ya Sa Aka Makara: Tambayoyi da Amsoshi

A ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Cikin 'yan makonni ƙasashe da dama suka sa dokar kulle, aka rufe situdiyoyin hoto tare da sauran wuraren sana'a. Jarirai kuwa ba su jira kowa ba, kafin a buɗe situdiyoyin, wasunsu har sun fara zama. Hukumar ta janye matakin ta-ɓacin da ta ayyana kan cutar a ranar 5 ga Mayu 2023, amma tambayoyin da iyaye suka riƙa yi a lokacin har yau ana yin su, domin ba kulle kaɗai ke jawo jinkiri ba: akwai jaririn da aka kwantar a asibiti, akwai mai jegon da aka yi wa tiyata, akwai mai hoton da ya ɗage rana.

Me ya sa masu hoto suke nacewa a kan makonni biyun farko?

Saboda jikin jariri ne. Daga kwana 5 zuwa 14 da haihuwa yana nan a dunƙule kamar yadda ya zauna a ciki, gwiwoyi a naɗe zuwa ƙirji, hannu a damƙe. Yana yin barcin sa'a 14 zuwa 17 a yini, kuma idan ya ƙoshi ya yi nisa a barci za a iya gyara masa hannu ko a juya shi ba tare da ya farka ba. Kafin kwana 5 yawanci shayarwa ba ta daidaita ba, mai jego ma ba ta dawo hayyacinta ba. Bayan mako biyu kuma ƙafafu sukan fara miƙewa, barci ya yi sauƙi, ƙurajen jarirai su fito a kumatu, wasu kuma su shiga kukan yamma na ciwon ciki wanda yake tsananta wajen mako 6.

Wannan ƙa'ida ta hoton barci a dunƙule ce kawai. Ba ta shafi sauran hotunan jariri ba.

Jaririnmu ya wuce wata ɗaya. Mun makara ke nan?

Kun makara ga salo guda, sauran suna nan. Har zuwa mako 5 ko 6 ana iya samun hoton barci idan aka naɗe jaririn da shawul mai ɗan talewa, hannuwansa a ciki, sai dai zai ɗauki lokaci kuma ba lallai ya yarda a kwance shi ba. Daga nan gaba, kokawar mayar da shi ɗan kwana goma ɓata lokaci ne, kuma a hoton ma ana gane an tilasta shi: goshi a tattare, yatsu a baje.

Abin da ɗan wata biyu yake da shi wanda ɗan kwana goma ba shi da shi ya fi yawa. Idonsa a buɗe, yana bin fuskar mahaifiyarsa da kallo, kumatu sun ciko, kuma tsakanin mako 6 da 8 yakan fara murmushin gaske, wanda yake yi don ya ga mutum. A ɗauke shi a yadda yake a yau.

Wane irin hoto ya dace da kowane wata?

Daga mako 6 zuwa wata 3 wuyansa bai yi ƙwari ba, don haka wuri biyu ne nasa: rigingine a kan shimfiɗa, ko a hannun iyaye. Hoton rigingine ana ɗaukarsa daga sama, kyamara daidai saitin fuskarsa. Idan aka tsaya ta wajen ƙafafunsa, cikin hancinsa za a ɗauko. A kafaɗar uba ma yana kyau, uban ya juya wa kyamara baya, jaririn yana leƙowa. Wannan ne kuma lokacin ƙarshe na ɗaukar ƙananan abubuwa kafin su canja: tafin ƙafa a cikin tafin hannun babba, gashin ido, yatsun da suka damƙe ɗan yatsan uwa.

Wata 3 zuwa 5, rub da ciki. Wajen wata 4 yawancin jarirai suna riƙe kansu sosai, su dogara da gwiwar hannu su ɗago ƙirji. A naɗe ƙaramin tawul a sa masa a ƙarƙashin hammata, a rufe da bargon da ake hoton a kai, mai hoto ya kwanta a ƙasa daidai tsayin idon yaron. Minti biyu ko uku ya isa, sai a juya shi ya huta, domin da zarar wuya ya gaji fuska za ta kife a bargo, kuka ya biyo baya. A wannan watannin ne kuma yake gano ƙafafunsa, ya kamo su ya kai baki. Daga wata 4 yana iya mirginawa ba zato, shi ya sa ƙasa ta fi gado aminci.

Wata 6 zuwa 8 shi ne lokacin da masu hoto da yawa suka fi so bayan kwanakin farko: yaro ya iya zama, bai iya guduwa ba. Yana dariya da sauti, haƙoran ƙasa biyu sun leƙo. Wanda bai daɗe da koyon zama ba yakan tafi baya ko gefe ba sanarwa, saboda haka babba ya zauna a bayansa da hannu a shirye, a wajen da kyamara ba ta kamawa. Da ya fara rarrafe, wajen wata 9 ko kafin nan, aikin ya koma farauta, sai a ƙara saurin kyamara kamar yadda aka bayyana a amsar da ta yi magana kan saiti.

Namu bakwaini ne. Da wane lissafi za mu yi aiki?

Da ranar da ya kamata a haife shi. Jaririn da ya zo da wuri da mako 8, idan ya cika wata 3 a duniya, jikinsa na ɗan wata ɗaya ne, murmushinsa da zamansa duk za su bi wannan lissafin. Wannan yana nufin sau da yawa ana samun hoton barci a dunƙule bayan an sallame shi daga asibiti. Amma garkuwar jikinsa da huhunsa ba su kai na wanda ya cika watanninsa ba, saboda haka sai likitansa ya amince, kuma gida ya fi masa situdiyo.

Muna son hoton nan da jariri ya yi tagumi. Za a iya yi wa ɗan wata uku?

A'a. Kuma ko ɗan kwana bakwai ba ya yin tagumi da kansa. Hoton da kuke gani hotuna biyu ne aka haɗa a kwamfuta: a na farko mataimaki yana riƙe da saman kan jaririn, a na biyu yana riƙe da hannuwan da haɓar, sai a goge hannun babban da Photoshop ko makamancinsa. Haka ma na jaririn da yake reto a cikin ƙyalle a jikin reshe, a kan katifa aka ɗauke shi. Duk mai hoton da ya ce zai saki kan jariri "na daƙiƙa ɗaya kawai", a tattara kaya a bar masa wurinsa.

Ga jaririn da ya girma haɗarin ya ninka. Kansa ya yi nauyi, ƙafafunsa suna da ƙarfin tunkuɗa, kuma razanar nan da jarirai suke yi su watsa hannuwa ba ta gushewa sai wajen wata 4 zuwa 6. Tunkuɗa ɗaya ta isa ta kifar da kwando. Idan dole sai an sa shi a kwando ko akwati, ya kasance a ƙasa, an sa abu mai nauyi a gindinsa, an lulluɓe bakinsa da abu mai laushi, babba kuma yana kusa da kamu ɗaya. Kada a sa jariri a cikin tangaran ko gilashi. A riƙa duba haɓarsa: idan ta danne ƙirji, hanyar numfashi tana matsewa, a ɗago ta yadda yatsa biyu za su shige tsakani. Yatsun ƙafa ko hannu suka fara yin shuɗi, an takure jini, a sauya masa kwanciya nan take.

Yaronmu bai saba ganin baƙi ba. Yaya za a yi da ƙiwa?

Ƙiwa takan fara tsakanin wata 6 da 9 ga kusan kowane yaro, ko an yi kulle ko ba a yi ba, don haka kada ku ɗora wa kanku laifi. Abin da ya ƙara wa lamarin wuya a lokacin annoba shi ne takunkumi: baƙo ya shigo da rabin fuska a rufe, ga wani baƙin abu mai ido ɗaya a hannunsa.

Mai hoto ya ajiye kyamara a ƙasa, ya yi minti goma zuwa sha biyar yana hira da iyayen ba tare da ya kalli yaron ba. Yara suna karanta fuskar uwa, idan suka ga ta saki jiki da baƙon su ma sai su sauko. A fara da hotunan da yaron yake a jikin uwarsa, sannan a zaunar da shi a gabanta tana taɓa bayansa, sannan ta ja baya kaɗan-kaɗan. Mutum ɗaya ne zai riƙa yi masa wasa, kuma ya tsaya daidai bayan kan mai hoto. Idan mutum huɗu suna tafi suna kiran sunansa daga kusurwa huɗu, abin da za a samu shi ne yaro mai waige-waige da ido a zare.

Waɗanne matakan kariya ya kamata mu nema daga mai hoto?

Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin ya taɓa jariri, ko man tsaftace hannu mai sinadarin alkohol kashi 60 cikin ɗari zuwa sama, a bari ya bushe tukuna. Kowane bargo, shawul da hula an wanke su bayan jaririn da ya gabata, da sabulun da ba shi da ƙamshi mai ƙarfi. Iyali ɗaya a lokaci guda, taga a buɗe tsakanin iyali da iyali. Ga jaririn da bai kai wata 3 ba, ba laifi ba ne ku nemi mai hoton ya sa takunkumi ko da babu wata annoba a gari, domin murar da babba zai yi kwana uku ya warke tana iya kwantar da jinjiri a asibiti. Kada kowa ya sumbace shi, musamman mai ƙurjin zazzaɓi a leɓe.

Jaririn kansa ba a sa masa takunkumi. Yaron da bai kai shekara 2 ba, takunkumi na iya toshe masa numfashi, ko da na wasa ne don hoto.

Idan hankalinku bai kwanta da taɓawa ba, akwai hanyar da aka yi amfani da ita sosai a 2020: iyaye su yi duk riƙo da gyaran, mai hoto yana nesa da mita biyu da madubin kyamara (lens) mai jawo nesa, yana faɗa musu abin da za su yi.

Yaushe ya kamata a ɗage ranar, bayan duk wannan jiran?

Idan jariri, ko wani a gidan, ko mai hoton yana da zazzaɓi, tari, gudawa ko amai. Jaririn da bai kai wata 3 ba idan zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, maganar asibiti ake yi a ranar. Kada kuma a sa rana cikin kwana biyu bayan allurar rigakafi, domin yakan yi ɗan zazzaɓi da rigima, cinya ta yi tsami. Mako ɗaya ba ya canja komai ga ɗan wata biyar.

Wane lokaci na rana ya fi, kuma yaya za a shirya shi?

Safiya, domin rigimar jarirai ta fi yawa da yamma. Amma shirin ya bambanta da shekaru, kuma nan ne iyayen da suka karanta shawarwarin hoton sabuwar haihuwa suke kuskure. Ɗan kwana goma ana so ya yi barci: a ɗan hana shi barci kafin lokacin, a shayar da shi ya ƙoshi, a sa shi gyatsa, a sassauta masa kunzugu da wuri don shatinsa ya baje. Ɗan wata huɗu kuwa ana so ya farka garau: a fara minti 20 zuwa 30 bayan ya tashi daga barci ya sha nono. Idan aka hana shi barci, kuka za a ɗauka. Zaman ɗaukar hoton sabon jariri yakan ci sa'a biyu zuwa uku, na babban jariri kuwa abin kirkin yana cikin minti 30 zuwa 45 na farko, sai a fara da hoton da aka fi buƙata.

Ɗumin ɗaki ma haka. Sabon jaririn da aka tuɓe yana buƙatar digiri 26 zuwa 28 a ma'aunin Celsius. Wanda yake sanye da kaya ba ya buƙatar haka. A taɓa ƙeyarsa, idan da gumi a rage. Na'urar ɗumama ɗaki kada ta fuskance shi kai tsaye. A tanadi kaya biyu na canji, har da na iyaye, saboda tumbuɗi ba ya sallama, da ƙaramin tawul na goge yawu idan haƙori ya fara.

Za mu ɗauka da kanmu a gida. Yaya za mu yi da haske?

A nemi taga mafi girma wadda rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye. Idan tana shigowa, a rataya farin labule mai shara-shara. A kashe duk ƙwan lantarki na ɗakin, domin haskensu da na taga launi biyu ne, haɗuwarsu takan sa rabin fuska ya yi ruwan ɗorawa, rabi ya yi shuɗi-shuɗi, kuma gyaransa a kwamfuta wahala ne.

A shimfiɗa jaririn kamar mita ɗaya daga tagar, kansa ya fi kusa da ita, yadda haske zai gangaro daga goshi zuwa haɓa ta gefe, a karkace kamar digiri 45. Alamar an dace ita ce ƙaramar inuwa a ƙarƙashin hanci da ɗigon haske a cikin kowane ido. Idan ƙafafunsa ne suke fuskantar taga, hasken zai taso daga ƙasa, ya haske ƙofofin hanci, fuskar ta zama abin tsoro. Idan gefen da ke nesa da taga ya yi duhu da yawa, wani ya riƙe farin kwali ko farar matashiya a wajen don ta mayar da haske. Mai ɗauka daga sama ya rataya igiyar kyamara a wuyansa, mai waya kuma ya riƙe da hannu biyu.

Filasha tana lalata idon jariri?

Babu wata hujjar likitanci da ta nuna cewa filashar kyamara tana makantar da jariri. Matsalarta ita ce tana razana shi, kuma idan ta bugi fuska kai tsaye hoton yakan fito fayau, ba inuwa ba laushi. Masu sana'a suna bi da ita ta cikin babbar lema ko su harba ta silin ta dawo. Ta waya kuwa a kashe ta kawai.

Wane saiti za a sa wa kyamara, kuma idan waya ce fa?

Ga jariri mai barci, saurin ƙiftawar kyamara 1/160 zuwa 1/200 na daƙiƙa ya isa. Ga wanda yake farke yana wutsil-wutsil da hannu, kada a sauka ƙasa da 1/250, mai rarrafe kuma 1/500. Yawancin hotunan gida da suka fito dishi-dishi, nan matsalar take: ɗaki ba haske, kyamara ta rage gudu da kanta. Gara a ɗaga ISO, wato ƙarfin kamun haske na kyamara, zuwa 800 ko 1600 a samu ɗan yashi-yashi a hoto, da a samu hannu ya zama hayaƙi. Buɗewar madubi f/2.8 tana kyau ga jariri shi kaɗai, a saita a kan idon da ya fi kusa. Da mutum biyu ko uku a koma f/4 ko f/5.6, in ba haka ba wani zai fito tar, wani a dushe. Madubin 35mm ko 50mm ya wadatar a ɗaki.

Da waya, a fara goge gilashin kyamarar da gefen riga, wannan kaɗai yana gyara hotuna da yawa. Kada a kusanto da wayar dab da fuska, domin madubinta mai faɗi yana kumbura goshi da hanci. A ja baya a yi amfani da 2x, wato jawowa ninki biyu, idan wayar tana da shi. A danna fuskar jaririn a allo a riƙe har saitin ya kulle, sannan a ɗauka da yawa a jere. Cikin hoto talatin ana iya samun biyu masu kyau, kuma haka abin yake ko ga ƙwararru.

Me ya sa fatarsa take fitowa da wani launi dabam a hoto?

Idan jaririn mai duhun fata ne kuma an kwantar da shi a kan farin bargo, kyamara tana auna farin ne, sai ta rage haske, fuskar ta nutse. A ƙara haske da hannu, daga +0.3 zuwa +1, ko a ja alamar rana sama a allon waya, ko a sauya bargon da mai launin ƙasa ko toka. Bargo mai launi mai ƙarfi kuma yana fesa launinsa a kan fata: kore yana sa haɓa ta yi kore. Ku sani kuma jarirai da yawa ana haifarsu da haske, launinsu na ainihi yana zaunawa a hankali cikin watannin farko, saboda haka hoton wata huɗu ba zai yi daidai da na ranar haihuwa ba, kuma ba laifin mai hoto ba ne.

Ƙuraje, saɓar fata da yaƙushin farce ana goge su a kwamfuta cikin sauƙi, kada a fasa zama saboda su, kada kuma a shafe shi da mai har ya riƙa ƙyalli. Tabon haihuwa kuwa a tambayi iyaye kafin a taɓa shi. Idan idonsa da fatarsa sun yi ɗorawa, wato shawara, likita ne zai fara gani kafin mai hoto.

Mun biya kafin alƙalami, sai aka ɗage zaman. Dole mu karɓi zaman da aka ba mu yanzu?

Ya danganta da abin da aka rubuta a yarjejeniya da kuma dokar ƙasar da kuke. Abin da masu hoto da yawa suka yi a lokacin kulle shi ne mayar da kuɗin kan wani zama na gaba, na wata shida ko na cikar shekara. Kafin ku amince, ku tambayi abu uku a rubuce: tsawon sabon zaman, adadin hotunan da za a gyara a ba ku, da kuma ko za a biya ku bambanci, tunda zaman babban jariri ya fi na sabon haihuwa gajarta. Ku nemi ganin hotunan da ya ɗauka na yara masu irin watannin naku, domin wanda ya iya kwantar da ɗan mako ɗaya ba lallai ya iya sa ɗan wata bakwai dariya ba.

Hotunan waya kaɗai muke da su na kwanakin farko. Za su wanku?

Za su wanku idan na asalin suna nan. Hoton megafiksil 12 yana da ɗigo 4000 a tsawo, 3000 a faɗi, kuma a ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci zai fito tar har girman santimita 34 da 25. Wanda ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, ya rasa kaso mai yawa na ingancinsa. A koma wayar da ta ɗauka a ciro na asali, a tura shi a matsayin fayil ko ta kebul. Hoton allo da aka ɗauka yayin kiran bidiyo da kakanni, a bar shi ƙarami a cikin album.

Waɗanda aka ɗauka a ƙarƙashin fitilar asibiti, masu launi kore-kore, mayar da su baƙi da fari yakan rufa musu asiri, yashi-yashin ma sai ya zama kamar da gangan aka yi. Masu hoto da yawa suna karɓar irin wannan gyaran, su haɗa tsofaffin da na sabon zaman a album guda. Idan akwai shawul ko hular da ya sa a makon farko, a zo da ita zaman, a ɗora masa ita a ka ko a shimfiɗa ta a ƙarƙashinsa, ta nuna girman da ya yi. Kafin a kai wanki, a ajiye na asalin a wuri uku: waya, kwamfuta ko faifan ajiya, da ma'ajiyar intanet.